Yadda ake zawarcin 'yan wasa da gina benci mai ƙarfi a ƙwallon ragar mata ta jami'o'in Amurka

Ranar 19 ga Disamba 2024, a wasan kusa da na ƙarshe na gasar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, Anna DeBeer, ginshiƙin Jami'ar Louisville a gefen hagu, ta gurɗe ƙafa a farkon turmi na huɗu suna fafatawa da Pittsburgh. Aka tada Payton Petersen, 'yar aji ɗaya, daga benci, ta riƙe wurin har Louisville ta ci wasan. Bayan kwana uku aka buga wasan ƙarshe babu DeBeer, Penn State ta ɗauki kofin da ci 3 da 1. Yarinyar da ake tadawa daga benci a irin wannan dare, tun tana sakandare, shekara biyu ko fiye kafin ta taka jami'a, wani ya zauna da takarda ya ga za a buƙace ta. Wannan jagora ta bi aikin ne daki-daki, domin mai horarwa, da mataimakinsa mai kula da zawarci, da kuma iyayen da ke son sanin yadda ake auna 'ya'yansu.

Fara da lambobin da doka ta ba ka

Shekara da shekaru, ƙungiyar mata a rukuni na ɗaya na NCAA tana da cikakken tallafin karatu guda 12 ne kawai, kuma ba a gutsura shi: ko a ba yarinya gaba ɗaya, ko ta shigo da kuɗin iyayenta. A watan Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun ƙarar da 'yan wasa suka shigar da NCAA, wadda aka fi sani da House, lissafin ya sauya. Jami'o'in da suka shiga sulhun yanzu iyakarsu 'yan wasa 18 a jeri, kuma suna iya ba kowacce tallafi, cikakke ko wani kaso, gwargwadon aljihunsu. A rukuni na biyu tallafi 8 ne da ake rarrabawa, rukuni na uku kuwa babu tallafin wasa sam, sai na ƙwazon karatu ko na ƙaramin ƙarfi.

Lamba ta biyu ita ce canji. A wasan ƙasa da ƙasa canji 6 ake yi a turmi ɗaya, a jami'o'in Amurka kuwa 15. Shigar libero, wato 'yar tsaron baya ta musamman mai riga daban, da fitarta ba sa cikin lissafi, kuma daga kakar 2024 an yarda ƙungiya ta rubuta libero biyu. Wannan ne ya sa bencin jami'a ke aiki fiye da na ƙungiyar ƙasa: 'yar wasa tara ko goma na iya shiga fili a kowane turmi ba tare da kowa ya ji rauni ba.

Zana teburin gurabe da shekaru

Kafin ka kalli bidiyon kowa, ɗauki allo ko babbar takarda. A tsaye ka jera gurabe biyar: seta, wato mai ɗaga wa sauran ƙwallo, masu dukan hagu, mai dukan dama, 'yan tsakiya masu tare raga, sai libero da 'yan tsaron baya. A kwance ka jera kakar bana da kakanni uku masu zuwa. Rubuta sunan kowace 'yar wasa a duk shekarar da take da damar bugawa. Inda akwati ya fito fanko, ko ya fito da suna ɗaya tilo, nan ne aikinka yake. Mai horarwa da yawa yana zuwa gasa, ya ga doguwar yarinya tana saran ƙwallo kamar za ta fasa daɓe, ya miƙa mata tayi, alhali yana da irinta huɗu a gida kuma setarsa ɗaya ce, tana shekarar ƙarshe.

Rabon da ya fi zama daidai a jerin mutum 18 shi ne seta 3, hagu 5, dama 2, tsakiya 4, libero da tsaron baya 4. Idan 16 kake iya ɗauka, rage seta ɗaya da 'yar baya ɗaya, kada ka taɓa 'yan tsakiya. Dalilin yana wurin atisaye. Domin a buga shida da shida na gaskiya kana buƙatar seta biyu, hagu huɗu, dama biyu, tsakiya huɗu da libero biyu, mutum 14 ke nan masu lafiya. Da zarar 'yan tsakiya sun koma uku, ɗaya za ta riƙa tsalle babu hutu a kowane juyi, kafin Oktoba gwiwarta ta fara ciwo, sai ka koma biyu, sai atisayen ya lalace wa kowa.

Sai ka duba rabon ajujuwa. Huɗu ko biyar a kowane aji shi ne abin nema, kuma kada mutum biyu masu gurbi ɗaya su gama tare. Seta musamman a bar tazarar shekara biyu tsakaninsu: babbar tana aji uku, ƙaramar tana aji ɗaya tana koyo, in babbar ta tafi ƙaramar na da shekara biyu tana jan ragama. Idan suna aji ɗaya, wadda ba ta samu fili ba za ta nemi wata jami'a, kuma tana da gaskiya. Idan tazarar ta kai shekara huɗu, za ka wayi gari ka miƙa dukan tsarin hari ga yarinyar da ta iso a watan Agusta. Ana cin nasara a haka, Texas ta ɗauki kofin 2023 da Ella Swindle tana aji ɗaya, Penn State ta ɗauki na 2024 da Izzy Starck ita ma tana aji ɗaya, amma waɗannan suna cikin fitattun setocin ajinsu a duk faɗin ƙasar, kuma ƙwararrun masu duka ne suka kewaye su. Jami'a mai matsakaicin ƙarfi kada ta ɗora shirinta a kan wannan sa'a.

Lissafin canji 15 kafin ka zaɓi tsari

Nan ne ake yawan yin kuskure, don haka a bi shi sannu. Duk lokacin da ƙungiya ta karɓe sabis daga hannun abokan karawa, tana juyawa taku ɗaya, taku shida su ne kewaye guda. A turmin da aka yi kankankan zuwa 25, ƙungiya kan juya kamar sau 14 zuwa 16, wato kewaye biyu da rabi. Idan kana cire mai dukan hagu in ta koma baya ka sa 'yar tsaro, canji biyu ne a kowane kewaye, shiga da fita, kimanin 5 a turmi. Idan kana buga tsarin 6-2, inda seta biyu ke musaya da masu dukan dama biyu domin kullum a samu masu duka uku a gaba, canji huɗu ne a kowane kewaye, kimanin 10 a turmi. Haɗa su, 15 sun ƙare cif. Ranar da turmi ya kai 27 da 27, sai ka tarar gajeriyar setarka ta maƙale a gaban raga, abokan karawa na sara ta kanta, ko doguwar mai dukan damanka ta maƙale a baya ana auna ta da sabis.

Saboda haka tsarin da ka zaɓa shi ke gaya maka wa za ka nema. Mai son 6-2 dole ya samu seta biyu da ƙarfinsu ya yi kusa, da masu dukan dama biyu, da masu dukan hagu da aƙalla ɗaya ke iya zama a fili duk juyi shida. Mai buga 5-1, seta ɗaya tana zagayawa, yana buƙatar seta mai tsayin da za ta iya tare raga, amma yana da rarar canji: biyar na mai dukan dama, biyar na hagu ɗaya, biyar kuma ajiya domin mai sabis ta musamman ko domin kashe wutar abokan karawa. A ganinmu, mai dukan hagu da ke iya duka a gaba, ta karɓi sabis, ta kare baya ba a cire ta ba, ita ce mafi daraja a duk kasuwar zawarci, domin ita kaɗai tana ajiye maka canji biyar a kowane turmi.

Inda ake ganin yara, da abin da ake kallo

Wasannin makarantun sakandare suna karo da kakar jami'a, daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba, shi ya sa mafi yawan zawarci a wasannin kulob ake yi, daga Janairu zuwa farkon Yuli. Akwai gasar Triple Crown a Kansas City a watan Fabrairu, da wasannin neman gurbi na USA Volleyball, hukumar ƙwallon ragar ƙasar, a Maris da Afrilu, da gasar ƙungiyar wasannin matasa ta AAU a Orlando a watan Yuni, sai gasar ƙasa ta USA Volleyball a ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Ana shimfiɗa filaye da dama a babban zaure ɗaya, usur na tashi ta ko'ina. Wanda ya shiga babu jadawali zai yini yana yawo. Kafin tafiya, rubuta sunayen da za ka gani, lambar fili da lokaci, ka raba tsakanin mataimaka, ka bar awa ɗaya ko biyu domin yaran da ba ka san da su ba.

Awo uku ake fara nema: tsayi babu takalmi, inda hannu ke kaiwa a tsaye, da inda yatsu ke taɓawa bayan an taho da gudu an yi tsalle. Ragar mata mita 2.24 ce. A manyan jami'o'i, mai dukan da ke taɓa mita 3.05, daidai tsayin zoben ƙwallon kwando, ta shiga sahun da ake zance. 'Yan tsakiya sukan kama daga mita 1.88 zuwa sama, masu dukan hagu daga kamar 1.80, libero kuwa ba a tambayar tsayinta. Kada ka karɓi awon da kulob ko iyaye suka rubuta har sai ka gani da idonka ko a bidiyo, domin ana yawan ƙara 'yan santimita.

Alƙaluma biyu ne suka fi faɗin gaskiya. Na farko ƙimar duka: a cire kurakurai daga dukan da suka ci maki, a raba da jimillar yunƙuri. Yarinyar da ta yi duka 30, ta ci 14, ta ɓarar da 5, tana da .300, kuma wannan kyakkyawan aiki ne ga mai dukan hagu, wadda ita ake jefa wa duk ƙwallon da ta lalace. 'Yar tsakiya ana sa ran ta fi haka, tunda ƙwallo mai kyau kaɗai ke zuwa mata. Na biyu ƙimar karɓar sabis, daga 0 zuwa 3: maki 3 idan ƙwallon ta iso seta tana da zaɓin masu duka uku, 2 idan zaɓi biyu, 1 idan sai dai a ɗaga ta sama a gefe, 0 idan sabis ɗin ya ci ta. Matsakaicin 2.2 zuwa sama a gaban sabis mai ƙarfi abin yabo ne. Sai dai 2.4 a ƙaramar gasa ba ta kai 2.0 a rukunin manyan kulob ba, don haka kullum ka rubuta da wa aka buga.

Karɓar sabis ita ce abin da muke roƙon kowane mai zawarci ya ba lokaci fiye da komai. Nebraska ta isa wasan ƙarshe na 2023 a Tampa da ƙungiya mai ban sha'awa, babu 'yar shekarar ƙarshe ko ɗaya, 'yan aji ɗaya huɗu suna buga wasa a kai a kai, wasa ɗaya kacal aka ci su a duk kakar kafin ranar. Texas ta ci maki 12 kai tsaye daga sabis, ta gama da su 3 da nema. Ƙungiya tana buƙatar mutum uku da ke karɓa a fili, da aƙalla biyu a benci waɗanda za a iya sakawa idan an gano mai rauni ana binta. Ƙarfin duka yana ƙaruwa a ɗakin motsa jiki cikin shekara biyu. Ido da ƙafa da natsuwar hannu na karɓar sabis suna da wuyar dasawa ga wadda ta kai 18 ba ta da su.

Ka tsaya kusa da fili ka kalli abin da bidiyon talla ba ya nunawa. Bayan ta ɓarar da duka biyu a jere, ta uku tana sara ne ko tana lallaɓa ƙwallo ta tsallake? Idan seta ta ba ta mummunar ƙwallo, fuskarta fa? Idan mai horarwa ya cire ta, tana tsaye tana kiran sunan wadda ta maye gurbinta, ko ta koma ƙarshen layi ta naɗe hannu? Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci ƙwarai, domin yawancin yaran da za ka ɗauka su ne taurarin kulob ɗinsu, kuma fiye da rabinsu benci za su fara zama. Game da bidiyo, nemi cikakken turmi biyu da ba a yanke ba, an ɗauka daga bayan fili, ɗaya daga ciki wasan da aka ci su.

Kalandar doka da yadda ake miƙa tayi

Tun 2019 doka ta hana mai horarwa na rukuni na ɗaya kiran yarinya ko aika mata saƙo ko yi mata tayi kafin 15 ga Yuni bayan ta gama aji 10, kwatankwacin SS1 a Najeriya. An kawo dokar ne domin a da ana karɓar alkawarin yara 'yan shekara 13 da 14. Ziyarar jami'a tana buɗewa 1 ga Agusta kafin shiga aji 11. Ziyara ta hukuma, wadda jami'a ke biyan kuɗin tafiya da masauki da abinci, ba ta wuce kwana biyu. Akwai kuma kwanakin da aka haramta ganawa ido da ido, kamar makon sa hannu a Nuwamba. Ofishin bin doka na jami'arka shi ke riƙe da jadawalin shekara, ka tambaye shi kafin kowace tafiya.

Kafin 15 ga Yuni ya zo, jerinka ya zama a shirye. Ga kowane gurbi da kake nema, ajiye suna takwas zuwa goma a hawa uku: waɗanda za ka yi wa tayi nan take, waɗanda za ka ci gaba da kallo, da waɗanda za ka koma wa idan na sama sun tafi. Manyan jami'o'i kan kwashe na saman cikin makonni kaɗan. Kuskuren da ke kashe aji guda shi ne ka zuba ido kan yarinya ɗaya wata huɗu tana cewa tana tunani, na hawa na biyu duk su yi alkawari a wani wuri. Sa wa tayi wa'adi mai mutunci, mako biyu zuwa huɗu bayan ziyara, ka faɗa mata dalili a fili. Su ma na hawa na biyu ka gaya musu matsayinsu. Masu horar da kulob suna magana da juna, kuma wanda ya ja yarinya a ƙasa bana, baɗi ba za a ɗaga masa waya ba.

Alkawarin baki ba ya ɗaure kowa. Abin da ke ɗaurewa shi ne takardar tallafi da ake sa wa hannu daga watan Nuwamba na aji 12. Tsohuwar takardar alkawari ta ƙasa an soke ta a rukuni na ɗaya a Oktoba 2024. Tunda yanzu ana iya gutsura tallafi, rubuta wa iyaye abin da za a biya shekara bayan shekara: kuɗin makaranta, ɗaki, abinci, littattafai. Kalmar "za mu duba a shekara ta biyu" ita ce tushen yawancin rigima.

Karatu kuma a duba shi da wuri. Cibiyar tantancewa ta NCAA tana neman darussa 16 na asali da matsakaicin maki 2.3 a rukuni na ɗaya, 2.2 a na biyu. Tun 2023 ba ta neman jarrabawar SAT ko ACT, amma jami'ar kanta na iya nema. Nemi takardar sakamako tun a kiran farko.

Kundin sauya sheƙa, ƙananan kwalejoji da 'yan ƙasashen waje

An buɗe kundin masu son sauya jami'a a Oktoba 2018. A 2021 aka faɗaɗa damar sauyawa sau ɗaya a buga nan take zuwa kowane irin wasa, a 2024 aka cire iyakar. A ƙwallon raga ƙofar kan buɗe a Disamba bayan an fitar da jadawalin gasar ƙasa, sannan ta sake buɗewa na ɗan lokaci a farkon Mayu. Haramun ne ka tuntuɓi yarinya kafin sunanta ya shiga kundin, ko kai tsaye ko ta bakin wani.

Texas ta mai horarwa Jerritt Elliott ta nuna abin da kundin ke iya yi a 2022: Madisen Skinner daga Kentucky, libero Zoe Fleck daga UCLA, seta Saige Ka'aha'aina-Torres daga Utah, suka haɗu da su Logan Eggleston da Asjia O'Neal da aka raina a gida, suka ɗauki kofi. Jess Mruzik, da ta ja Penn State zuwa kofin 2024, daga Michigan ta zo. Abin lura shi ne an kawo su ne domin cike gurabe sanannu a kan tushen da ke tsaye. Ka koma teburinka: gurbin da ke fanko baɗi, kuma babu ƙaramar da ta nuna ta isa, shi ake cikewa daga kundi. Biyu ko uku a shekara sun wadatar. Idan ka kawo mai shekarar ƙarshe a kan 'yar aji biyu da ta yi haƙuri tana jiran lokacinta, ka yi tsammanin ganin sunan ƙaramar a kundi, ka sayi shekara ɗaya ka rasa biyu. Lokaci kuma gajere ne, wani lokaci kwana uku ko huɗu, don haka kira tsohon mai horar da ita, da na kulob ɗinta, ka nemi bayanan lafiyarta, ka sa ofishin karatu ya duba ko darussanta za su karɓu. Sau da yawa a kan darussan ne cinikin ke wargajewa.

Kwalejojin shekara biyu suna fitar da 'yan wasan da suka riga suka saba da zaman kwaleji, suna da amfani wurin gyara aji da ya rame. 'Yan ƙasashen waje kuwa, tunda da dokar canji 6 suka tashi, yawanci sun iya duk juyi shida. Sai a fara takardunsu da wuri: sakamakon sakandare, wanda ga 'yar Najeriya yawanci na WAEC ne, da shaidar iya Turanci idan jami'a ta nema, da tantance ko ta taɓa karɓar albashi a kulob, da bizar ɗalibi ta F-1, wadda ke taƙaita kuɗin talla da za ta iya samu a cikin Amurka.

Mayar da benci ya zama 'yan ko-ta-kwana

Suna 18 a takarda ba sa tsinana komai idan bakwai kaɗai ke taɓa ƙwallo da gaske. Doka ta ba ka awa 20 a mako lokacin kaka, awa 8 a wajenta, don haka a tsara su. Kada ka bar 'yan farko su riƙa buga wa 'yan benci kullum. Sau biyu a mako ka cakuɗa, seta ta biyu ta ɗaga wa 'yan tsakiya na farko, domin saurin ƙwallon tsakiya abu ne na sabo tsakanin mutum biyu, kuma shi ke fara ɓacewa ranar da seta ta farko ta kwanta. Mai dukan hagu ta uku ta karɓi sabis kusa da libero ta farko, su san wa ke ɗaukar ƙwallon da ta faɗo tsakaninsu. Rubuta makin kowane atisaye ka liƙa a bango, yadda wadda ke benci za ta ga tazarar da ke tsakaninta da fili da lamba.

Wasannin ƙarshen Agusta da Satumba, kafin a shiga wasannin lig ɗin da jami'arka ke ciki, su ne damar gwaji. Saka 'yar benci a turmi na biyu ana 15 da 14, inda hannu ke rawa. Shigar da ita ana 23 da 10 ba ta koya mata komai. Amma ka yi hattara da wadda kake son ajiyewa, wato ta zauna bana ba ta buga ba domin kada a ƙirga mata shekarar. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce kaka huɗu cikin shekara biyar, kuma a ƙwallon raga shiga wasan kaka ko na maki ɗaya yana cinye shekarar, saɓanin ƙwallon ƙafar Amurka da ake yafe wasa huɗu. Idan rauni ne ya kawar da ita, ana iya neman a mayar mata da shekarar muddin ya faru a rabin farko na kaka kuma ba ta wuce kashi 30 cikin ɗari na wasanni ba. Ku yanke shawarar ajiya tare da ita kafin wasan farko. Doguwar 'yar tsakiya da jikinta bai gama ƙwari ba ita ta fi cin moriyar wannan shekara. Wadda ta gama sakandare da wuri ta shigo a Janairu kuma tana samun atisayen Maris da Afrilu kafin kakarta ta farko, ribar da ke da yawa musamman ga seta.

Raunin da ya fi yawa shi ne gurɗewar idon sawu, yawanci idan aka sauko kan ƙafar wata a ƙarƙashin raga, sai ciwon jijiyar gwiwa daga yawan tsalle, da kafaɗar masu duka. Ƙirga tsallen kowace 'yar gaba, ko da na'urar da ake ɗaurawa a ƙugu ko da mutum mai takarda, ka rage nauyi washegarin wasan da ya kai turmi biyar. Hutun da ka ba ta farko ranar Litinin shi ne atisayen da ta biyu ke samu da 'yan farko.

Sai zaman Disamba. Cikin mako guda da gama kaka, kafin ƙofar kundi ta yi nisa, zauna da kowace 'yar wasa ita kaɗai, da alƙalumanta a gabanka. Faɗa mata inda take a gurbinta, wa ke shigowa, me za ta gyara kafin Agusta, da abin da tallafinta zai kasance. Wadda ba ka ga hanyarta zuwa fili ba, faɗa mata yanzu, ka taimaka mata da kiran waya zuwa inda za ta buga, tare da sanar da ita cewa idan ta shiga kundi jami'a na iya tsayar da tallafinta a ƙarshen zangon karatu. Wadda kake ganin ita ce ta baɗi, kada ka ɗauka ta sani, furta mata. Daga ɗakin ka koma kan allo, ka goge sunayen da suka tafi, ka ƙara layin sabuwar shekara a dama, ka ƙirga 'yan tsakiya da setoci da masu karɓar sabis a kowane akwati kafin ka sayi tikitin Kansas City na Fabrairu.